Folda za ta iya daje bakin bargo mai faiba? Amsa ga wata mai ɗinki

Wata abokiyar sana'a daga Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce tana tara ƙyallayen atamfa da suka rage mata, ta haɗa su, ta sa faiba a tsakiya, ta bi da ɗinki su zama bargon jarirai, wani lokacin har da babba na gadon amarya. Abin da ke cinye mata yini shi ne daje baki. Sai ta ga wani ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin keke yana naɗe bayas da kansa, wato siririn ƙyallen nan da ake rufe bakin yadi da shi, ta saya. Sama yana fitowa tsaf, amma in ta juya bargon sai ta tarar allura ba ta kama ƙasa ba a wurare da yawa, kusurwa kuwa ba a magana. Shi ne take tambaya: ƙarfen ne jabu, ko kekenta ne bai dace ba, ko kuwa dama abin ba na bargo ba ne?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Mai yiwuwa ƙarfenki lafiyarsa ƙalau. Wannan abin da mu teloli muke kira folda aiki ɗaya tak ta iya, wato ninke ƙyalle ta miƙa wa allura. Ba ta jan bargo, ba ta daidaita masa baki, ba ta rage masa kauri, ba ta kuma san an zo kusurwa ba. Duk waɗannan suna wuyanki. A bidiyon da kika gani, kafin a kunna kyamara an riga an yi aikin da ya fi ɗaukar lokaci, kuma sau da yawa abin da ake nunawa da shi yadi ne falle ɗaya, ba bargo mai hawa uku ba.

Mu fara da gano wacce kika saya, don suna ɗaya ake kiransu da shi a kasuwa alhali ba ɗaya ba ne.

Akwai tsohuwar nan mai siffar mazurari da ake cire ƙafar keke a ɗaura ta a madadinta. Tsofaffin kekunan Singer baƙaƙe da ita suke zuwa a cikin akwatin kayan aiki, kuma da yake Butterfly ɗin da ta cika shagunanmu a kan zubin Singer 15 aka ƙera ta, tana hawa kanta ita ma. Littafin Singer cewa ya yi a yanka mata bayas mai faɗin 15/16 na inci, ta fitar da baki mai kusan rubu'in inci. Don wuyan rigar yara da bakin hannu da irin su aka yi ta. Kada ma ki wahalar da kanki ki tura mata bargo. Akwai kuma ƙafar roba mai ɗan sukuru a gefe, wadda ake buɗawa daga milimita 5 zuwa 20, da ake maƙala wa kekunan gida na zamani. Ita bayas ɗin da aka riga aka ninke take karɓa. Tana yin abin shimfiɗar faranti ko ƙyallen goge bakin jariri, amma da bargo ya ɗan yi kauri sai ya riƙa zamewa daga cikinta.

Waɗanda za a yi maganar bargo da su su ne waɗanda ake ɗaurewa a kan shimfiɗar keken, dama da allura. Ki duba keken masana'anta irin Juki DDL-8700 ko Jack, za ki ga ramukan sukuru biyu a wajen. Don irin wannan aka huda su. Wata foldar tana da hannu, a tura ta gefe in ba a buƙata, a dawo da ita in za a ci gaba. Wata kuma, wadda ake sayarwa da lambar A10, a saiti take zuwa: da farantinta, da haƙorinta mai jan yadi a ƙarƙashin allura, da gajeriyar ƙafarta, kuma ƙyallen daga gefe yake shigowa ya yi kwana kafin ya isa allura. Wannan kwanar ce ta sa ta fi sauran iya bin lanƙwasa. In irinta kika saya kika ɗaura foldar kaɗai, kika bar tsohuwar ƙafa da tsohon haƙori, to kin sami rabin amsarki tun yanzu, don doguwar ƙafa takan hana foldar matsowa kusa da allura, ƙyallen ya fara warwarewa kafin ɗinki ya kama shi.

A cikin waɗannan ma kashi biyu ne. Mai ninki ɗaya tana ninke ƙyalle gida biyu kawai, gefensa a waje, don haka sai da tef ɗin da aka saƙa wanda ba ya zare, irin na bakin jaka da kafet. Mai ninki biyu ita ke kalmasa gefen sama da na ƙasa ciki sannan ta rungumi bakin bargon. In atamfa za ki yanka da kanki, ta biyun kike buƙata.

Sai girma. Lambar da aka buga a jikin folda yawanci faɗin ƙyallen da za ki yanka ne, bakin da zai fito kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na wannan. Kamfanin Bernina na Suwizalan yana da folda mai lamba 88 a girma uku, milimita 28 da 32 da 38. Janome na Japan ya yi wadda ya ware musamman don bargo, tana cin ƙyalle mai faɗin inci 2 ta fitar da rabin inci. Ban kawo su don ki je nema ba, tsada gare su kuma kan kekunansu kawai suke zama. Na kawo su ne ki ga cewa waɗanda suka zauna suka yi lissafi don bargo a wajen rabin inci suka tsaya. Mutanen Amurka, inda wannan sana'ar haɗa bargo da ƙyallaye ta yi ƙarfi, faibarsu ta auduga ma siririya ce, ba kamar mai kumburin nan ta roba da muke samu ba. In mai siririyar faiba yana neman inci 2, mai kumburarriya ba za ta tsira da milimita 28 ba.

Ga dalilin da ƙasa ke kuɓucewa. Ki ɗauka ƙyallenki kashi huɗu ne: ɗaya ya shige ciki a sama, ɗaya ya kwanta a sama, ɗaya ya kwanta a ƙasa, ɗaya ya shige ciki a ƙasa. A kan yadi falle ɗaya lissafin ya cika. Amma bargo yana da tsayin kansa, kuma ƙyallen sai ya zagaye wannan tsayin kafin ya isa ƙasa. Abin da kauri ya ci, daga wani wuri za a cire shi. Sama idonki na kai, kina gyarawa ba tare da kin sani ba, sai ƙasa ta biya bashin. Shi ya sa kullum ƙasa ce ke gajarta, allura ta sauka a bayan ninkin maimakon a kansa.

Maganin wannan ba a jikin folda yake ba, a bakin bargon yake. Bayan kin gama bin bargon da ɗinki, ki shimfiɗa shi a kan tebur ko a ƙasa mai tsabta, ki ja layi da doguwar rula da alli, ki yanke hawa ukun a tare, kada faiba ta leƙo, kada yadin baya ya gaza na gaba. Daga nan ki danne bakin. In kina da keken wibin, mai ɗaure bakin yadi don kada ya zare, ki zagaye shi da shi, ya fi komai. In kekenki yana zigzag, ki buɗe shi ki bi. In Butterfly ce mai ɗinki miƙe kawai, ki yi layi ɗaya kamar milimita 3 daga baki, ki ƙara na biyu kusa da shi ta ciki, amma kada ya wuce inda bayas zai rufe. Ki taɓa bakin da yatsa kafin da bayan haka, za ki ji bambancin. Abin da yake kamar burodi ya koma kamar kwali. Wannan zagayen da mutane ke ganin ɓata lokaci ne, shi ne aikin. Ni a shagona yaron da ya tsallake shi, shi zai zauna da abin farke ɗinki.

Kuma ba da ka nake faɗa ba. Wata shekara gab da hunturu na karɓi aikin bargon jarirai goma sha biyu, na ɗaura sabuwar folda, na ga sama yana fita kamar na kanti, na yi ta gudu ban juya ko ɗaya ba. Da yamma da muka zo ninkewa, tara daga ciki ƙasansu a buɗe yake nan da can, har yatsa na shiga. Kwana biyu muka yi muna farkewa, kuma inda allura ta huda atamfa ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Tun ranar, duk bayan taƙi biyu ko uku sai na ɗaga bargon na leƙa.

Bayan baki, sai ƙyallen kansa. Bayas ɗin kwali da ake sayarwa a shagon kayan ɗinki ki bar shi don riguna. Ya yi siriri, yadinsa ba nauyi, mai sheƙin nan kuwa santsi ke sa shi murɗewa a cikin folda. Ki yanka naki. Kuma ki yanka daidai, da rula, ba da ido ba. Folda ba ta yafe kuskuren milimita biyu. In ƙyallen ya fi ta faɗi zai tattare a ciki ya cije, in ya gaza ta, gefe ɗaya ba zai kalmasu ba sai ki ga zare yana leƙowa.

A miƙe za a yanka ko a karkace? In bargon kusurwa huɗu ne masu kaifi, gefensa miƙaƙƙe, yankan miƙe yana yi, musamman in kin bi faɗin yadi daga gefe zuwa gefe, don ta nan yana da ɗan ja kaɗan. Amma ni a karkace na fi so, kuma dalilina ya wuce saukin bin lanƙwasa. A yankan miƙe, zare ɗaya ko biyu ne ke kwance a kan ƙaryar bakin tun daga farko har ƙarshe. Su ke shan gugar ƙasa da wanki, ranar da suka tsinke sai bakin ya tsage a tsaye kamar an sa reza. A yankan karkace zaren gicciye yake, gugar ta rarrabu a kan zare masu yawa. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Lissafin yadi ba wuya. Ki haɗa tsawon gefe huɗu, ki ƙara inci 12 don haɗi da kusurwa. Bargon jariri mai inci 36 da 45 zai ba ki 162, da ƙari 174. Atamfa faɗinta kusan inci 45 ne, in an cire gefe da wurin haɗi ki ƙirga 42 zuwa 43 kowane yanka, kin ga yanka huɗu zai yi miki kaɗan, ki yi biyar ki huta. Babba mai inci 90 kowane gefe 360 ne, da ƙari 372, wato yanka tara. Tara sau inci 2 ya ba da 18, rabin yadi ke nan. In a karkace ne, ki yanki murabba'i, ki yi lissafin tsawon gefensa sau kansa, ki raba da faɗin ƙyallen. Murabba'i mai inci 28 yana ba da 784, a raba biyu 392, ya ishi babban bargon har da ɗan saura.

Wurin haɗa yanka da yanka ma yana kayar da mutane. In kika haɗa su a miƙe, duk kaurin zai taru wuri ɗaya, ya zo bakin folda ya tsaya, ke kuma ki ja, ɗinki ya karkace. Ki ɗora ɗaya a kan ɗaya a gicciye, fuska da fuska, ki ɗinka daga kusurwa zuwa kusurwa, ki rage abin da ya yi saura ya zama rubu'in inci, ki buɗe shi da dutsen guga. Haka kaurin zai bazu, ya wuce ba tare da kin ji ba. Duk da haka in na ga haɗi ya matso nakan rage gudu, in taimaka masa da bakin allurar hannu.

Ki wanke atamfar kafin ki yanka. Wata tana zuba, musamman ja da shuɗi, kuma auduga tana ɗan shiga bayan wankin farko. In baki ya shiga bargo bai shiga ba, sai ya tattare kamar bakin jakar zuge. Bayan wankin za ta yi laushi, sai ki fesa mata sitati ki goge, don folda ta fi son ƙyalle mai ɗan tsayuwa. Amma kada ki goge mata ninki, ki bar shi a buɗe. Ita za ta ninke, in kika riga ta sai su yi ta faɗa da juna. Shadda kuwa, duk kyanta, ba na sa ta a folda. Taurinta da santsinta sun yi yawa.

In kin gama, ki naɗe ƙyallen a jikin kwali ko tsohon bututun zare, ki soka shi a wani abu da zai riƙa juyawa a dama da keken. Kada ki bar shi a ƙasa ki taka, kada ya rataya da nauyinsa. Duk abin da ya riƙe ƙyallen, ja ne, kuma bayas da aka ja aka ɗinka in ya saki jiki sai bakin bargon ya kama ya lanƙwaso kamar faifai. Akasin haka, in bargon kika ja, bakin zai fito yana hawa da sauka, ya ƙi kwanciya a kan gado. Da ganin bargon da aka gama za ki san wanne aka ja a cikin biyun.

Wajen saita keke, allura lamba 16 nake sawa, 14 in bargon siriri ne, kuma sabuwa. Tsawon ɗinki kamar milimita 3, wato wajen ɗinki takwas a inci. Ki ɗan sassauta sukurun saman nan da ke danna ƙafa, don in ya matse da yawa ƙafar takan turo yadin sama gaba yayin da haƙori ke jan na ƙasa baya. Ki yanke bakin ƙyallen ya yi tsini, ki zura shi a folda, bayan yadin yana kallon inda bargo zai shiga, ki jawo shi ya wuce allura da inci biyu, ki ɗinka shi shi kaɗai ki gani. Allura ta sauka kamar milimita 2 daga ninkin ciki. Sannan ki gwada da guntun bargon da kika yanke ɗazu, ba da yadi falle ɗaya ba. In ƙasa ta kuɓuce, ki kwance sukurun ki matsar da foldar hagu kaɗan, allura za ta ƙara shiga cikin ƙyallen. Wasu foldoji leɓensu na sama da na ƙasa kowanne da sukurunsa. In taki haka take, ki bar na ƙasa ya ɗara na sama da kamar milimita ɗaya. Babu mai lura, kuma shi ne zai cece ki.

Lokacin ɗinki idonki ba a kan allura zai kasance ba. Ki zuba shi a bakin folda, inda bargo ke shiga. Aikin hannun hagu shi ne ya riƙa tura bakin bargon har ƙuryar foldar, a hankali, ba tare da ja ba. Babban bargo nauyinsa kaɗai ya isa ya zare shi daga ciki, don haka ki jawo wani tebur ki haɗa da na keken ta hagu da ta baya, ko ki sa yarinya ta tallafe miki. Kuma ki tafi a hankali. Keken masana'anta mai tsohuwar mota da an taɓa ya zabura, shi ya sa masu sabuwar motar nan da ake rage wa gudu suka fi jin daɗin wannan aiki. A nan mai keken ƙafa ba ta da abin kunya, ita ke da iko da kowane taku, kuma ba ruwanta da an ɗauke wuta.

Akwai kauri da keken ɗinkin riga ba zai iya ba ko me kika yi, saboda haƙorin ƙasa kaɗai ke ja. Masu ɗinkin kujeru da jakunkuna suna da keke mai ja sama da ƙasa a tare, irin Juki DU-1181N, masu bakin jaka da takalma kuma suna amfani da mai siririn hannu irin Pfaff 335 wanda foldarsa ke motsi tare da haƙori. In sana'ar ta kai ki ga yin manyan barguna masu kauri da yawa, can za ki dosa. Don bargon jarirai ba ki buƙatar wannan kashe kuɗi.

To, kusurwa. Gaskiyar magana folda ba ta yin kusurwa, ke za ki yi da hannu. Ki ɗinka har ƙarshen gefen daidai, ki koma baya taku biyu, ki yanke zare. Ki ɗaga ƙafa, ki jawo bargon baya har ninkakken ƙyalle kamar inci huɗu ya fito daga folda, ki murza ninkin da farce don kada ya buɗe. Ki juya bargon sabon gefen ya fuskance ki. Sai ki kwantar da ƙyallen a kan sabon gefen, abin da ya yi saura a kusurwa ki tura shi ciki ya ba da layi a karkace, a sama da ƙasa duka. Ki soka fil ya riƙe. Ki mayar da bargon ƙarƙashin ƙafa, ki sauke allura da hannu a daidai ninkin nan, sannan ki ja ƙyallen da ya yi sako-sako ta bayan folda ya koma ciki, ki mayar da bakin bargon, ki ci gaba. A rubuce yana da tsawo, a hannu ma haka yake da farko. Kusurwa goma na farko ba za su yi kyau ba. Ki haɗa 'yan ƙananan murabba'ai da ragowar faiba ki yi ta yi a kansu, in sun taru kin samu abin sauke tukunya.

Amma in shawarata za ki bi, a bargon jarirai ki rabu da kusurwa gaba ɗaya. Ki kifa farantin shayi a kowace kusurwa, ki zagaye da alli, ki yanke. Da bayas na karkace folda za ta bi wannan lanƙwasar ba tare da kin ɗaga ƙafa ba, bargo ɗaya zagaye ɗaya. Abin lura kawai, a lanƙwasa bakin bargon yana son guduwa daga folda, sai ki ƙara tura shi ciki ki rage gudu. Kada farantin ya yi ƙanƙanta, ƙaramin kofi lanƙwasarsa ta yi tsanani. Masu saye ma ban taɓa jin wadda ta ce don me ba kusurwa, wasu cewa suke ya fi kyau a gadon yaro. Akwai masu daje gefe biyu su yanke, sannan su daje sauran biyun su kalmasa ƙarshe. Yana da sauri, amma kusurwar takan yi dunƙule, kuma nan ne ke fara farkewa.

Wajen rufewa, kada ki fara daga kusurwa, ki fara daga tsakiyar gefe, na ƙasa in bargon yana da sama da ƙasa. In kin zagayo saura taƙi ɗaya, ki tsaya ki gyara bakin farkon da almakashi ya kwanta. Ki auna ƙyallen ya haura mafarin da inci ɗaya da rabi, ki yanke, ki zare shi daga folda, ki tura foldar gefe, ki kalmasa rabin inci ciki, ki ɗora a kan mafarin ki ƙarasa da hannunki kina riƙe da shi.

Yanzu in dawo kan abin da na ce ki riƙe, don shi zai gaya miki inda za ki sa folda da inda za ki ajiye ta. Ko da yake ana cewa mai ninki biyu, a kan ƙaryar bakin, inda bargo ke gogar ƙasa da hannu, falle ɗaya ne kawai. Ninkin yana sama da ƙasa, ba a bakin ba. Hanyar da masu haɗa bargo suka saba da ita daban ce. Ana yanka ƙyalle inci 2 da rabi, a ninke shi biyu a tsawonsa a goge, a jera gefensa da bakin bargo ta baya a ɗinka da rubu'in inci, sannan a juyo da shi gaba a danne da wani ɗinkin, ko a yi akasin haka a ƙarasa bayan da allurar hannu. Zagaye biyu ne maimakon ɗaya, amma bakin falle biyu ne, kusurwarsa tana fita da kaifi ba tare da kokawa ba, kuma ba ruwansa da kaurin faiba, in ta yi yawa sai ki ƙara faɗin ƙyallen. Ba ya buƙatar kowane ƙarfe, Butterfly ɗinki ta isa.

Don haka ni ga yadda na raba. Bargon jarirai, shimfiɗar canza wa yaro kaya, abin tebur, duk abin da ake yi da yawa a sayar da sauƙi, faiba siririya, kusurwa a zagaye: folda, da bayas na karkace don ya rage raunin falle ɗayan. Nan take biyan kuɗinta, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu da aiki ke yin yawa. Babban bargon amarya kuwa, wanda kika yi mako biyu kina haɗa ƙyallayensa, za a yi shekaru ana wanke shi ana shanyawa a igiya, ba na sa masa folda. Awa ɗaya ko biyu da za ki rage ba su kai a dawo miki da shi bakinsa ya tsage ba, kuma bargo ɗaya tak ba ya ma rama lokacin da za ki ɓata wajen saiti da gwaji.

In za ki sake sayen wata, ki tafi da guntun bargonki wanda kika riga kika danne bakinsa, ki zura shi a bakin foldar a gaban mai shagon. In sai kin tura da ƙarfi, ba taki ba ce, ko da lambar ta yi daidai, don akwai masu faɗi ɗaya amma bakin wata ya fi na wata buɗewa. Ki sa yatsa a ciki ki ji ko akwai kaifi ko gurbin walda da zai riƙe yadi. Wadda ke hannunki kuma ki duba lambar da aka buga a jikinta, ki aiko min da ita tare da sunan kekenki da irin faibar da kike sawa, in gaya miki ko matsar da ita hagu zai wadatar ko sai kin nemi babba.